Mai Buga Ƙarfen Sayapata

Ni ne Nemesio Yujra, mai gadin ƙofa.
Ban san baƙi ba, ban san wasali ba,
amma ko daga barci aka tashe ni
zan ƙirga muku duwatsun wannan makaranta.

Shekarar da ƙanƙara ta cinye dankali,
a kan tudun Bolibiya, inda numfashi ke tsada,
muka ce tun da gona ta ƙi, bari mu shuka gini.
Mata suka kwaɓa laka da ciyawa,
dabbobin lama suka yi jigilar yashi daga bakin tafki,
ni da ƙanena muka sari dutse
har tafin hannu ya manta
akwai wani abu wai shi huta.

Ba mu da ƙararrawa.
Wata motar ma'adinai ta mutu a kwana,
muka cire ƙarfen ƙafarta muka rataye.
Shekara talatin da ɗaya ina dukansa da guduma,
bai taɓa cewa ya gaji ba,
kafaɗata ce kawai ke ambata.

Azuzuwa shida ne, ɗaya yana yoyo.
Malamai tara, har da Malama Gumercinda Limachi,
wadda albashinta kan yi wata biyu a hanya,
ita kuwa kafin rana ta fito ta fita.
Ita ta sa aka rufe bayan aji da leda mai kauri,
yara suka shuka tumatir a ciki.
Mu tsofaffi muka yi dariya:
tumatir, a nan, inda ruwan tulu ke daskarewa?
Ranar da ya nuna, dagaci ya cire hula,
ya riƙe guda ɗaya a tafi
kamar an ba shi garwashin wuta.

Akwai kofin gasar lissafi a ofis.
Eulalia Tarqui ce ta ɗauko shi daga La Paz
cikin takalmin aro da ya fi ƙafarta.
Nakan goge shi da gefen bargona,
amma ba shi nake tunawa ba in na yi shiru.
Daren da matar Apaza ta yi doguwar naƙuda,
dutse ya tare hanya, likita na nesa,
sai ga Eulalia ɗin nan da farar riga da jaka.
Kafin asuba jariri ya tsala kuka,
uwa ta samu ta kwanta.

A filin nan ake raba iri, a nan ake rigakafi.
Rikicin iyakar gona na shekara bakwai,
wani ɗan aji huɗu ya auna da igiya da fensir,
dattawa biyu suka sunkuyar da kai
suka koma ga zumunta.

Ba duka suka dawo ba.
Ɗana Isidro ya ƙetare iyaka, yana ɗinki a birnin wasu,
wasiƙarsa sau biyu a shekara.
Wani daren nakan ce: ashe tsani muka gina,
yara suka taka suka haura,
suka bar mu muna riƙe da ƙasansa.
Sai jikata ta matso kusa da fitila,
ta buɗe takardar,
ta ce, "Kaka, saurara in karanta."

Bana an kawo ƙararrawa mai cin hasken rana,
aka ce in ajiye guduma. Na ce to.
Makon da hadari ya rufe sama, sai ta yi shiru,
yara suka tsaya cirko-cirko cikin sanyi.
Na lallaba ƙarƙashin gado na ɗauko abata.
Bugu uku. Kwari ya amsa.
Suka ruga aji suna dariya,
ni ina tsaye ina murza kafaɗa,
ina jin Malama Gumercinda ta taga
tana cewa a buɗe shafi na arba'in, a rubuta.